Littafin Sunayen da Malama Ta Bari

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake ba da aron rai, ya kuma karɓi abinsa ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Mai girma Babban Alƙali, uban wannan taro. Mai girma Shugaban Jami'a da malaman da suka rufa masa baya. Yallaɓai Shugaban gidajen yari da manyan jami'ansa, waɗanda har yau in na hango su sai in ji ƙafafuna sun haɗe da kansu, ko da yake na shekara shida da ajiye kaki. Lauyoyi da ɗalibai. Maigidan marigayiya, wanda ya fi mu duka rashi. 'Yarta tilo, da ƙannen marigayiya da 'ya'yansu. Sai kuma ku da kuke can baya, waɗanda ba a manna wa takarda a jikin kujera ba. Ina yi muku sallama, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon gandiroba ne. Shekara talatin da biyu na yi ina buɗe ƙofa ina rufewa, ina ƙirga mutane safe da yamma. Goma sha huɗu daga ciki na yi su ina tafiya a bayan Malama, taku uku tsakanina da ita, duk Talata da Alhamis. Ba don girmamawa aka haɗa ni da ita ba, an sa ni ne in sa mata ido. Saje take kirana tun ina da igiya uku, kuma ko da aka ƙara mini girma ba ta canja ba, ta ce bakinta ya riga ya saba.

Aikinmu yana ɓata mutum ta wata fuska, gara in faɗa muku tun yanzu. Gandiroba in ka yi masa murmushi, hannunka yake kallo. In ka ba shi kyauta, sai ya girgiza ta a kunne kafin ya ce an gode. Saboda haka da aka aiko mini cewa ni zan yi magana a madadin mutanen gidan yari, ban yi murna ba. Cewa na yi, wa ya zaɓe ni, kuma me yake nema a wurina? Ga farfesoshi, ga masu anini a kafaɗa, sai a tsallake su a ɗauko tsoho mai cin fansho? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ashe 'yar marigayiya ce ta zaɓe ni, kuma lallai akwai abin da take nema. Mako biyu da suka wuce ta zo gidana, muka gaisa, sannan ta ce, "Baba, na buɗe akwatin ƙarfen Mama, na ga wani littafi mai baƙin bango. Sunaye ne a ciki tun daga farko har ƙarshe. Mutum uku sun zo nemansa, ni kuma ban san abin da zan yi ba."

Na ce, "Kin nuna wa wani?"

Ta ce, "A'a, ko Baba na gida bai buɗe ba."

Na ce, "To, 'yata, mai da shi inda kika gan shi, ki rataya makullin a wuyanki. Amsa kuwa ba zan ba ki a ɗaki ba. A gaban jama'a zan ba ki, don kada gobe a ce tsoho ya ja ki gefe ya hure miki kunne."

Ga abin da littafin nan yake. Malama ta zauna da mutum ɗari uku da arba'in da wani abu a cikin gidan yari, ɗaya bayan ɗaya, suka gaya mata abin da ba su gaya wa alƙali ba, ba su gaya wa lauyansu ba, wasu ma ko matansu ba su sani ba. A littattafan da ta wallafa babu sunan kowa. Fursuna na kaza, Gandiroba na kaza, haka za ka gani. Littafi mai baƙin bango shi kaɗai ya san wane ne Fursuna na Sittin da Biyu, da unguwarsu, da sunan mahaifiyarsa. Duk wanda ya riƙe shi a hannun dama, ya riƙe littattafanta a hagu, to wuyan mutum ɗari uku ya riƙe. Amsar da na yi wa yarinyar nan alkawari ita na zo bayarwa, amma sai na fara gaya muku wace ce mai littafin.

Ranar da ta fara zuwa, ta shigo da takardar izini da kwali guda na fensir. Shugabanmu na lokacin ya karanta takardar sau biyu, ya kira ni gefe ya ce, "Saje, mace, daga jami'a, wai tana son ta koya wa ɓarayi zane. Da walakin, goro a miya. Kada ka ɗauke ido daga kanta." Kafin a tashi aiki ran nan mun yi mata tarihi iri huɗu. Wani ya ce 'yar jarida ce ta yi shigar malamai. Wani ya ce tana da ƙane a ciki, saƙo take kawo masa. Wani ya ce wasu ne daga waje suka turo ta ta leƙa mu. Ni nawa zaton ya fi na kowa muni: na ce babu mai zuwa gidan yari da ƙafarsa sai wanda yake son ya fitar da wani abu.

Na zazzage jakarta a bakin ƙofa. Na ɗauki fensir guda na tsaga shi biyu, in ga ko an cusa wani abu a ciki. Tana tsaye tana kallona, ko gezau. Da na gama sai ta ce, "Saura ashirin da tara ke nan. Don Allah ka rubuta a littafinka cewa kai ka fasa, kada da yamma a ce wani ya ɓoye." Daga ran nan muka yi doka ni da ita. Reza ba ta shiga, don haka a bakin ƙofa take fiƙe su, ina tsaye. Talatin za su shiga, talatin za su fito. Wanda ya ƙare sai an kawo guntunsa kafin a ba da sabo. Fursunoni suka laƙaba mata Mama Mai Fensir, sunan ya bi ta har kan titi.

Wata Alhamis muka ƙirga, sai ga ashirin da tara. Na busa usur, aka kulle ɗakin aji, aka caje mutum talatin tun daga hula har silifa. Aka shiga ɗakunansu aka ɗaga katifu, aka kakkaɓe barguna, aka leƙa har cikin bokitai. Awa biyu ana abu ɗaya, ni kuma sai kumfar baki nake yi, ina cewa yau sai na ga wanda zai yi wuƙa da fensir a gidan nan. Malama tana zaune a benci tana rubutu. Can sai ta ɗago ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Saje, taɓa bayan kunnenka." Na taɓa, sai ga fensirin. Da shi na yi lissafin safe na maƙale abina. Ba ta taɓa ba wa kowa labarin nan ba, amma mutum talatin sun gani, kuma a gidan yari mutum talatin gidan rediyo ne.

Ta kasance mai haƙuri da mu, alhali ba mu cancanci haƙurin ba. Ta kasance mai zuwa kan lokaci, ko ana ruwa ko ana rana, ko da za mu bar ta a bakin ƙofa awa guda da sunan ana ƙirge. Ta kasance in ta gaishe da shugaba ta gaishe da mai shara, da murya iri ɗaya, har muka ce wannan ma wata dabara ce. Ta kasance mai tambaya, tambayar da za ka koma gida kana cin abinci ta dawo maka.

Kuma ta kasance ta fi mu zargi. Wannan shi ne abin da na fi daɗewa ban gane ba. Mu mutane muke zargi, ita kuwa aikinta take zargi. Bayan shekara biyu aka ga 'yan ajinta ba sa faɗa, ba sa shiga ɗakin horo, manya suka fara yi mata tafi. Ita kuwa sai ta tsare ni a baranda ta ce, "Saje, wa yake zaɓo mini mutanen nan?"

Na ce, "Ni ne, Malama."

Ta ce, "Ta yaya?"

Na ce, "Masu ladabi nake kawo miki. Ya za a yi in haɗa ki da 'yan ta-kife?"

Ta ce, "To ka ga ni ban gano komai ba. Ka kawo mini masu ladabi, na dawo maka da masu ladabi, sai a ce zane ne ya gyara su? Daga yau ƙuri'a za a yi. A rubuta lambar duk wanda yake so, a zuba a hularka, wanda ya fito ya fito."

Haka aka yi, kuma hulata ba ta yi mini adalci ba. Ƙuri'ar farko ta fito da mutumin da sai mu huɗu muke buɗe masa ƙofa. Wata uku bai zana komai ba sai ƙofa a rufe, kullum ƙofa a rufe, ni kuma ina tsaye a kansa da kulki. A wata na huɗu ya zana wata yarinya tana riƙe da takalmi a hannu. Ban tambaye shi ko wace ce ba, ita ma Malama ba ta tambaya a gabana ba.

Da aka yi shekaru aka haɗa lissafi, sakamakon bai yi wa manya daɗi ba. Faɗa a ɗakuna ya ragu ƙwarai, masu ƙoƙarin hallaka kansu sun ragu, masu rubuta wa gida wasiƙa sun ƙaru. Amma dawowa gidan yari bayan saki, kaɗan ya ragu. Masu ɗaukar nauyin shirin suna son babban adadi da za su kai taro. Ina tsaye a bakin ofis na ji wani yana cewa, "Dakta, ai ana iya gyara yadda za a faɗi abin." Ta ce, "Ana iya gyara yadda za a faɗa, ba a iya gyara abin da aka gani. Mutum ya fita ba aiki, ba ɗaki, dangi sun juya masa baya, kuna so fensir ya riƙe shi? Ku rubuta abin da fensir ya yi, ku bar masa abin da bai yi ba." Suka janye hannunsu shekara biyu, ita kuwa ba ta fasa zuwa Talata da Alhamis ba.

Mai girma Babban Alƙali ya fi ni sanin abin da ta yi wa masu jiran shari'a. Ita ce ta zauna a ɗakin ajiyar fayil na kotu, cikin ƙura da gara, ta tsamo mutanen da suka daɗe suna jira fiye da abin da za a ɗaure su da an same su da laifin. Mutum tamanin da ɗaya suka fita ta dalilin jerin sunayen da ta haɗa. Mu al'umma muka amfana, domin waɗannan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, ko da mun daina ambaton sunansu a gida. Ita ce kuma ta kawo wasan kwaikwayo, inda fursuna yake zama alƙali, fursuna yake zama gandiroba. Ranar da suka yi na farko, wani ya fito yana tafiya yana jan ƙafar hagu, yana leƙa ƙarƙashin kowace kujera, har da shinshina hular alƙali. Aka yi ta dariya ana satar kallona. Na rubuta rahoto a kansa, Malama ta ce in bari sai na huce in sake karantawa, da na sake karantawa na yage.

Yanzu bari in zo kan alkawarin. Duk wanda za ta zauna da shi, sai ta sa na koma bakin ƙofa, inda ido zai kai amma kunne ba zai kai ba. Sai dai farkon maganar da ƙarfi take yin sa, don ni ma in zama shaida. Na ji shi sau ɗari uku, na haddace. Takan ce, "Abin da za ka faɗa zan rubuta, mutane za su karanta. Sunanka ba zai bar hannuna ba. Yana cikin littafi guda, littafin yana cikin akwati, ranar da na gama aikin ko na mutu za a ƙone shi. In ka yarda ka dangwala, in ba ka yarda ba ka tashi, kuma gobe ka dawo aji babu abin da zai canja." A kan wannan magana suka dangwala yatsa. A kanta wani ya faɗi wanda ya karya masa haƙarƙari a ɗakin horo. A kanta wani ya faɗi ta hannun wa ƙwaya take shigowa. A kanta wani ya faɗi laifin da ya yi ba a kama shi ba, wani kuma ya faɗi sunan ubangidan da ya aike shi, wanda har yau yana yawo a gari da mota. Wasunsu sun fita, sun yi aure, surukansu ba su san inda suka yi shekara biyar ba. Wasunsu kuwa suna ciki har yanzu, kuma makullin ɗakinsu yana hannun wanda suka kai ƙara.

Ajali bai ba ta sanarwa ba. Ranar Litinin ta haɗa fensiran Talata, da la'asar ta ce kanta yana sarawa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Littafin yana nan a akwati, ba a ƙone ba.

Ba a yi kwana goma ba baƙi suka fara zuwa. Na farko daga jami'a ya zo, da ta'aziyya da kyakkyawar magana. Ya ce za a buɗe cibiya da sunan Malama, a adana duk takardunta, kuma in babu sunaye ba yadda za a bi mutanen nan nan da shekara goma a ga abin da suka zama. Wannan hujja ce, ban raina ta ba. Amma na tambayi 'yata, wa zai riƙe makullin cibiyar? Ta ce kwamiti. Ni kuwa na yi aikin gwamnati, na san makullin da yake hannun kwamiti yana hannun kowa, har da masinja. Kuma shugaban jami'a na yau mutumin kirki ne, amma wa ya san na shekara bakwai masu zuwa?

Na biyu daga wajen tsofaffin abokan aikina ya zo. Ya ce ana son a gano gandirobobin da aka ambata da duka da fasa-ƙwauri, a hukunta su. Madalla da niyya. Sai dai littattafan Malama sun shekara tara a kasuwa, ba a taɓa kiran kowa an tambaye shi ba. Me ya sa sai da ta rufe ido aka tuna da hukunci? Kuma in mai laifi ake nema, me ya kawo neman sunan wanda aka daka? Yallaɓai, ka yafe mini, a hannunka na yi ritaya kuma ban ga sharrinka ba. Amma takarda in ta shiga ofis, tebur bakwai take bi kafin ta iso naka, kuma ni na san waɗanda suke zaune a wasu teburan.

Na uku ya zo da mota mai baƙin gilashi, ya ce shi tsohon ɗalibinta ne. Babu wanda ya gane shi a gidan. Bai tambayi yadda ta rasu ba, bai tambayi inda aka binne ta ba. Abin da ya tambaya shi ne a wane ɗaki take aiki, kuma ko tagar tana da ƙarfe. Biyu na farko na gan su a zauren nan, kuma ina girmama su da suka zo. Na ukun, bisa kwatancen da aka yi mini, na duba sahun gaba ban gan shi ba.

Ban ce kowa mugu ne ba. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni kuwa da shi na ci abinci shekara talatin da biyu, Allah ya yafe mini. Amma tunda na zargi kowa, adalci ne ku ma ku zarge ni. Na tabbata akwai wanda yake cewa a ransa, tsohon nan me ya dame shi da littafi haka? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To wanda ya yi wannan tunani ya canka daidai. Sunana yana cikin littafin.

A shekara ta shida da fara ajin, akwai wani birkila da aka ɗaure shekara huɗu, saura masa wata biyu ya fita saboda ragin da ake yi wa mai kyakkyawan hali. Na lura kullum in aka fito shan iska yana bin jikin katanga yana taku, bakinsa yana motsi. Ya je ya dawo, ya juya ya auna ta ɗaya gefen. A aji kuma sai ya duƙa a kan takarda yana ja da layi, yana rubuta lambobi. Na bari sai da ya gama na fizge. Ga katanga, ga ƙofa, ga lunguna, ga adadin taku a kowane gefe. Na kai wa shugaba na ce taswirar gudu ce. Birkila ya rantse ya ce gida ne, gidan da zai gina wa mahaifiyarsa a filinsu, yana takawa ne don ya ji faɗin ɗaki a ƙafarsa tunda ba shi da abin awo. Muka yi masa dariya. Aka kai shi ɗakin horo, aka soke ragin da aka yi masa, aka rufe ajin Malama wata shida. Shugaba ya ba ni hannu a gaban fareti, ya ce zai rubuta a ƙara mini girma.

Kwana uku bayan haka ina haɗa fayil, na juya bayan takardar. Da ƙaramin rubutu ya sa: matakala biyu kawai, saboda gwiwar Inna. Na sake juyo gabanta na duba da idon mai hankali. Ga madafa, ga makewayi, ga wurin rijiya. Babu abin da ya yi kama da gidan yari sai cewa duka suna da kusurwa huɗu. Na tsaya da takardar nan a hannu, na tuna hannun da aka ba ni a gaban fareti. Sai na ninke ta na sa a aljihu. Da Malama ta nemi a nuna mata zanen, na ce ya ɓace a ofis. Birkila ya ƙara shekara ɗaya da wata huɗu. A wata na bakwai aka aiko cewa mahaifiyarsa ta rasu, kuma ni aka ba saƙon in kai masa.

Shekara biyar ina ɗauke da wannan abu. Da ta fara zama da gandirobobi, na ce ba zan je ba, sai ga ni na je. Ta karanta mini alkawarin da na haddace, na dangwala, na faɗa mata duka. Na zaci za ta zage ni ko ta lallashe ni, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye biro ta ce, "Saje, ni ba alƙali ba ce, kuma ba ni ka yi wa laifi ba. In rubuta ko in bari?" Na ce ta rubuta. Ɗaliban da suke nan sun san babin. Har a makarantar horar da gandirobobi ana karanta shi. An taɓa gayyatata can, ina zaune a kan babban tebur aka karanta, wani kurtu ya miƙe ya ce wannan Gandiroba na Tara ba shi da imani, ni kuma na gyaɗa kai tare da kowa. To ni ne Gandiroba na Tara. Matata tana zaune a sahu na huɗu, yau ta fara ji.

Shekara tara Malama tana haɗuwa da ni bayan wannan, a bakin ƙofa, a taro, a gidan biki, ko da ido ba ta taɓa nuna mini ta tuna ba. Na yi ta jira ranar da za ta yi amfani da shi a kaina, don a saninmu babu mai riƙe sirrin mutum a banza. Ranar ba ta zo ba. Na ji kunya, kuma har yau ina jin ta, kuma na yi kewar matar nan fiye da yadda bakina zai iya faɗa.

Yanzu ba ni da sauran abin da littafin zai tona mini, don haka 'yata, ki saurari amsata da kunnen da babu shakka a ciki. Zane-zane da duk takardun da babu suna a kai, ki ba jami'a, su buɗe cibiyarsu, Allah ya sa albarka. Shafin da sunana yake, ki yage shi ki ba duk wanda ya fi matsa miki, na yafe. Sauran kuwa ba naki ba ne, ba na mahaifinki ba ne, ba na Malama ba ne ma. Ajiya ce aka ba ta, da sharaɗi, kuma sharaɗin ya cika ranar Litinin ɗin nan. Kada ki kwafa, kada ki ɗauki hoto, kada ki ce bari in karanta sau ɗaya don tunawa da rubutun Mama. Ki ƙone shi yau kafin rana ta faɗi, a tsakar gida, mahaifinki yana tsaye. Za a ce kin ɓata ilimi, za a ce kin hana a yi adalci, wataƙila har a daina gaishe ki a wasu ofisoshi. Ki ce Saje ne ya sa ki, ga shi an ji da bakina a gaban Babban Alƙali. Maigida, kai ne uba, kai za ka tsaya mata. Ƙannen marigayiya, kada ku bar ta ita kaɗai da masu sallama.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan, da waɗanda suka taso daga nesa, da manyan da suka yi haƙuri da bakin tsoho. Saura roƙo guda. Na ga an ajiye littafin sa hannu a bakin ƙofa, na kuma ga wasu sun wuce shi ba su taɓa biro ba. A ƙyale su. Mai ɗaukar hoto, ɗana, sauke na'urarka. Akwai mutane a can baya da suka rufe shago, suka nemi izini a wurin aiki da wani dalili daban, suka zo yi wa Mamansu ban kwana. Ban sani ba ko birkila yana cikinsu. Na san fuskarsa, na san sunansa, zanensa yana aljihuna, kuma nemansa aikina ne ni kaɗai, ba a nan ba. Ban duba ba, kuma ba zan duba ba. Ina roƙon na gaba su zauna yadda suke, kada kowa ya waiwaya. Za mu sunkuyar da kai mu yi addu'a, kuma zan ja ta da tsawo, don duk wanda yake son ya fita ya fita a tsanake.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi. Ka rufa mata asiri a ranar tonon asiri, kamar yadda ta rufa wa bayinka. Ka ba maigidanta haƙuri, ka ba 'yarta ƙarfin zuciya da ƙarfin hannu a yammacin nan. Waɗanda suke tsare, ka kawo musu mafita. Waɗanda suka fito, ka tsare musu mutuncinsu a gidajensu da wuraren aikinsu. Masu riƙe da makulli, ka sanya musu tsoronka. Wanda na zalunta, ka jiƙan mahaifiyarsa, ka kuma ba ni ikon tsayawa a ƙofarsa kafin nawa ajalin ya zo.

Kada a ɗago tukuna, jama'a, har yanzu ina jin takun mutane. Mu ƙara mata wata addu'ar.